Rassan Kan Hanyar Ƙanƙara

Ranar da motar haƙa ta fara cin tudun, Reino bai iya ko kurɓar kofinsa ba.

Tudun tsakuwa ne mai tsawo, wanda wani tulin ƙanƙara ya tura tun zamanin da can, ya bari sa'ad da yake ja da baya. Shi ke tare ruwan fadamar ƙauyen. Yanzu masu gina titi na son tsakuwar, kuma idan aka huda tudun, ruwa zai janye.

Reino ya yi faɗa a taro har muryarsa ta dishe, maƙwabta na ta tsokanarsa wai tsoho ya koma lauyan agwagi. Ba agwagi ne a ransa ba. Fadama ba ta ruɓar da abin da ta haɗiye.

Shekara arba'in da suka wuce, aikinsa ne kafa rassan itace a kan ƙanƙarar da ke rufe ruwan fadamar duk hunturu, don masu tsallakawa su san inda ta yi kauri. Wata safiya ya bi sawun dokin Aarne, mijin yayarsa Impi, har bakin wani rami baƙi inda ƙanƙarar ta fashe. Rassan na tsaye a gefen da ƙanƙara ba ta da ƙwari. Ya tuge su, ya ce wa mutane Aarne ya bi 'yan ƙwadago zuwa ƙasar Suwidin.

Impi ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Ta daina yawan faɗuwa a matakala da take cewa ita ke kumbura mata fuska, ta yi ƙiba, ta ci gaba da gasa masa burodi kowace Asabar. Kowace loma da kunya yake haɗiye ta.

Da ruwa ya sauka kamu biyu, ya ga gara ta ji daga bakinsa. Ya same ta tana murza ƙullun burodi, ya zauna ba tare da ya cire hula ba.

"Yaya, Aarne bai je ko'ina ba. Yana cikin fadama. Ni na kuskure wajen kafa rassan."

Ta daɗe tana kallonsa, idanunta suka ciko da tausayi.

"Kai dai ka cika wauta, Reino. Daidai ka kafa su," ta ce. "Ni na bi bayanka na mayar da su can."