Matar da ke Bakin Rijiya

Tsohuwar ta ture faifan wake gefe da ɗiyarta ta miƙo mata salula.

"Inna, dubi garinmu Filinge a da. Daga wani tsohon sinima na zamanin Nasara na yanko shi, ga shi mutane sai yaɗawa suke."

Hoton yana motsi: mata a bakin rijiya, guga na hawa. Can gefe wata ta ba da baya, tulu bisa kai, tana ɗingisa ƙafar hagu.

Tsohuwar ta san wannan tafiyar. Tana yarinya ta bi matar zuwa gona, ta bi ta zuwa kasuwar Damana riƙe da gefen zanenta, har shekarar da sanƙarau ya ɗauke matar. Muryar tana nan a kunnenta, amma fuskar ta daɗe da ɓace mata.

Matar ta fara waiwayowa. Kunne ya bayyana, sai gefen kunci. Nan hoton ya koma farko.

"Ina sauran?"

"Iyakarsa ke nan, Inna. Maimaitawa yake."

Ɗiyar ta kai hannu za ta karɓa. Tsohuwar ta riƙe gam.

"Bari tukuna. Uwata ce. Wataƙila wannan karon ta juyo."