Abin da Ke Kashe Shafin Malam Yari

Tsofaffin kwamfutocin tebur uku ne suka rage wa Malam Yari tun da ya rufe makarantarsa ta koyon buga rubutu a Talata Mafara, ya koma sayar da shinkafa. 'Yarsa Rumaisa, wadda ke koyarwa a Jangebe, ita ta zo hutu ta warware su a kan tabarma, ta ciri wannan ta dasa wa waccan, har ta tayar da guda mai rai. A cikinta ta ɗora shafin intanet na shagon, da hotunan buhuna da lambar waya.

"Baba, wagga ita za ta riƙe shafin, daga nan cikin shago," in ji ta. "Muddin tana kunne, daga ko'ina ana ganin kayanku. Zahi kaɗai ta ƙi jini. In ya yi mata yawa, kashe kanta takan yi."

Malam Yari ba mutumin da ake maimaita wa umarni ba ne. Ya yi aikin akawu a Bakura a zamanin da ake duba farcen mai tafireta kafin a duba takardar da ya buga. Rumaisa na komawa ya sayi sabuwar fanka, ya sa aka haɗa ta da batirin sola, ya saita ta daidai fuskar na'urar. Injin casar shinkafa yana bayan shagon, ƙurar dusa kuwa ba ta bar sikeli ba, ba ta bar hulunan masu ciniki ba, amma babu wanda ya taɓa shafa kwamfutar nan ya ga ƙura a yatsansa.

Da rana shafin yana aiki lafiya lau, har daga Gusau ana bugo waya. Da rana ta faɗi kuma sai ya ɓace. Kowace safiya Malam Yari, wanda shi ke fara isowa kamar yadda shi ke ƙarshen tashi, yakan tarar da na'urar ta yi tsit, fanka kuwa tana ta juyawa abinta. Ya danna maɓallin da Rumaisa ta nuna masa, ta farfaɗo kamar ba ita ba.

Sai ya shiga bincike daki-daki. Ya kira Ɗanlami mai haɗa sola, ya auna batir, ya ce da wuta ce ke ɗaukewa ai da fanka ta tsaya. Ya zargi maƙwabcinsa Surajo mai cajin waya da satar wuta, ya bi wayar taku-taku har rufi bai ga reshe ba, dole ya je ba da haƙuri da goro a hannu. Ya ɗana wa ɓeraye tarko. Ya sauya kwaɗo. Da matarsa Larai ta kawo zancen mutanen ɓoye, ya amsa mata da cewa shi bai taɓa jin aljanin da ke tashi aiki a kan lokaci ba.

Ana cikin haka Hajiya Nagode ta bugo daga Sakkwato. Ita ke ba gidajen abinci da dama shinkafa, kuma samun ta ya fi samun masu awo ɗari.

"Malam, ni da rana ina tsakanin tukwane, sai yamma nike duba waya. Shahin nan naku kuwa kamar kasuwar ƙauye, ana la'asar ya watse. Yau bayan magariba zan sake gwadawa. In bai buɗe ba, masu shinkafar Maradun suna jira na."

"Hajiya, Allah shi ba ki nasara, yau ni da kaina zan yi gadi."

Haka kuwa aka yi. Da la'asar ya sallami masu ɗaukar kaya. Ya duba taga, ya duba batir, ya ƙara wa fanka gudu. Ya kimtsa shagon yadda aka horar da shi kimtsa ofis, bai tsallake ko abu ɗaya ba. Sannan ya rufe ƙofa, ya jefa mabuɗi a aljihu, ya girka kujera a bakin ƙofar. Surajo ya leƙo ya tambaye shi ko banki ya buɗe ne ba a sani ba, bai kula shi ba. Ko masallaci bai je ba, nan ya shimfiɗa buzu ya yi magariba, kunnensa ɗaya yana ga ƙarar fanka.

Ya shafa addu'a ke nan waya ta yi ƙara.

"Malam, na gwada, na sake gwadawa. Sai dai wani jiƙon."

Malam Yari ya kashe kiran. Daga bisani ya kira Rumaisa, ya shaida mata cikin natsuwa cewa aikinta ne ke da gyara, domin shi shaida ne ko ƙuda bai shiga shagon nan ba.

A ciki kuwa fanka tana ta hura iska da iyakar ƙarfinta a kan rigar fata mai kauri da ya sa baduku ya ɗinka wa kwamfutar daidai jikinta, wadda yake zura mata ya ɗaure tam duk tashi daga aiki, kamar yadda aka koya masa yi wa tafiretar gwamnati.