Zoben Tihomir a Tashar Dubec

Ljerka ce ta zaɓi wurin: tashar tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ta Dubec, ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da 'yan unguwa ke dawowa daga aiki. A nan Tihomir ya fasa aurensu saura kwana tara biki, don uwarsa ta ce 'yar direba ba ajinsu ba ce.

Yau, bayan shekara uku, ga shi da zobe a hannu, ga uwar tasa a gefe tana yaƙe.

"Ljerka, na yi kuskure. Ki aure ni."

Ta ƙura masa ido har ya sunkuyar da kai. "Ɗaga murya, Tiho. Mutane ba su ji ba."

Ya maimaita, kunnuwansa jawur. Masu jiran jirgi suka juyo suna kallonsu.

Ta juya ga tsohuwar. "Ke fa, Madam Zdenka? Yanzu na kai?"

Da ƙyar matar ta ce, "Kin kai, 'yata."

"Madalla. To ni ce ba na so."

Ta shiga jirgi, ta zauna bakin taga inda za su gan ta da kyau. Sai da aka wuce tasha biyu ta bar hawayenta suka zubo.