Bakin da Ya Taɓa Idon Mutari

"Wa ya kai bakinsa kusa da idon nan?" likita ya tambaya.

Mutari ya sunkuyar da kai. Wata guda ke nan da ya faɗi da moto, wato babur, a unguwar Wadata, ƙashin kwarmin idonsa ya karye, aka yi masa aiki. Yanzu idon ya yi jawur, yana hawaye, yana gani dishi-dishi.

"Cutar da ke fito da ƙuraje a leɓe ce ta kama baƙin idon," in ji likita. "Takan tashi da kanta bayan aiki, takan kuma zo daga yawun wani. In aka yi sake, ido ya tafi."

Matarsa Zalika zancen yawu kawai ta ji. Ta shafa leɓenta, sumul.

"Baban Huda, wace ce?" ta tambayi mijin.

"Bakina ba ya iya faɗa."

"Ina kasuwa ina fama da rana, kai kana gida ana sumbatar ka har cikin ido?"

Suna isa gida ta ɗaure kayanta, ta tari taksi, sai unguwar Bukoki wajen uwarta.

Tsohuwa ta tarbe ta, leɓe duk ƙuraje.

"Ya idon yaron nan? Kullum in kin fita nake zuwa in buɗe shi in yi masa tofi. Mai kunya ne, ko motsi ba ya yi."

Zalika ta sandare da kaya a ka.

"Jiya ma na fara yi wa ɗaya idon," in ji tsohuwa. "Rigakafi."