Hoton Bangon Ƙarshe

Auta tana gyara zaman firam ɗin wani hoto ta hango Yaya a bakin ƙofa, cikin rigarsa ta fita unguwa, an naɗe hannun rigar na dama an soke da fil. Sau uku ta roƙi Umma kada a gaya wa Yaya ranar buɗe baje kolin hotunanta.

"Kunyar ɗan'uwanki kike ji don ya rasa hannu?" in ji Umma a lokacin. "Ki ji tsoron Allah, Auta."

Wata goma ke nan Auta ba ta iya haɗa ido da shi. In ya shigo falo sai ta tuna tana da wanki.

Hotuna ashirin ne a zauren, duka baƙi-da-fari, duka na injinan masaƙar da Yaya ya yi wa aiki shekara goma sha ɗaya: sarƙa, bel, ɗigon baƙin mai a kan ƙarfe. Shi ya roƙar mata izinin shiga. Ya nuna mata injinsa kamar mai nuna ɗan fari, da aka kashe injina don azahar ya bar ta da kyamararta ya tafi salla.

Washegari injin ya ci hannunsa. Masu bincike suka ce murfin kariya ne ya zame, noti biyu ba su ɗauru ba. Yaya ya ce sakacinsa ne. Aka sallame shi.

Yanzu ga shi a tsakiyar manyan mutane masu ƙamshin turare, yana ɗaga dungu yana gaisawa. Wata mata ta kalli hannun ta kau da kai. Auta ta yi wuf ta tare shi.

"Manya gatan wasa! Ba a ba mai dungu kujera a nan?" in ji Yaya.

"Yaya, zo mu fita waje ka sha lemo."

"Lemo na zo sha?"

Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida tsofaffin abokai. Ya tsaya gaban wani bel ya yi dariya. "Wannan ya fi Umma mita, wallahi." Auta tana biye da shi, tana shiga gabansa, tana nuna masa ƙofa, tana cewa zafi ya yi yawa. Mutane suka fara kallonta. Ta ji wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Ashe yayanta ne." Ta so ƙasa ta tsage.

Saura bangon ƙarshe. Can aka rataye wanda ya ci lambar yabo: haƙoran ƙarfe sun ciji juna, haske ya sauka a kan kowane haƙori, babu abin da ya tare su. Alƙalai sun ce ba su taɓa ganin cikin inji tsirara haka ba.

Yaya ya tsaya. Ya daɗe. Auta tana bayansa, zuciyarta ba ta faɗin komai sai "Allah ka rufa mini asiri."

Ya sa hannun hagu ya share 'yar ƙurar da ke kan gilashin. Bai juyo ba, muryarsa kuma ba ta kai kunnen kowa ba sai nata.

"Ya yi kyau, Auta. Da ma ina son in ga abin da kika cire murfin dominsa."