Irin da Ke Karɓar Dashe

Na ji bayaninki, Zinatu. Kin yaye autarki, kin koma kwaleji da girmanki, kuma burinki in kin gama difloma ki tsallaka jami'a ki karanta harhaɗa magunguna, a ɗauke ki kai tsaye a aji biyu. Madalla, na yi murna. Amma da na tambaye ki kwasa-kwasan da za ki zaɓa, sai kika ce waɗanda ƙawayenki suka ce ba a faɗuwa. Nan raina ya ɓaci. Ni kawunki ne, kuma na tsufa da alli a hannu, ba zan ga kina shirin zubar da shekarunki in yi shiru ba. Gyara zama ki ji labarin wasu maƙwabta biyu.

A wani ƙauye an yi manoma biyu da mai fadama ya yi wa alkawarin fili a hayin kogi, su yi noman rani idan ruwa ya janye. Sharaɗinsa ɗaya ne: wanda filinsa bai yi amfani ba, baɗi a ba wani. Kafin ruwa ya janye kowa yakan yi yayyafin iri a ɗan fangalin bayan gida, ya rene shi, in lokaci ya yi ya tuge ya kai fadama ya dasa. Na farko mutum ne mai son abu ya yi kyau a ido tun yau. Ya watsa kankana da karas da kuɓewa, don ya ji an ce su ba sa ba mutum wahala wajen tsira. Na biyu kuwa iyalinsa da yawa, gonar damina ba ta ƙosar da su, ya san in filin nan ya kuɓuce masa sai ci-rani. Bai taɓa ƙullin irinsa ba sai da ya naɗe wando ya ƙetare kogi, ruwa iya ƙugu, ya iske tsofaffin 'yan lambu suna gyaran jigon ɗebo ruwa. Ya gaishe su, ya durƙusa ya ɗebi ƙasar ya murza, sannan ya ce, "Baba, me wannan ƙasa take karɓa in an kawo mata daga wani wuri?" Wani dattijo ya ce masa, "Albasa, ɗana, ja ba fara ba. Kuma ka sani, ba kowane tsiro ne ke yafe wa wanda ya tuge shi ba."

Ya dawo ya yi yayyafin jar albasa. Ke ma kin san ɗanyen irin albasa, abin tausayi ne, sirara-sirara kamar gashin jariri, ga nawar fitowa. Fangalin maƙwabcinsa ya yi kore shar, ganyen kankana har yana hawa danga, masu wucewa suna tsayawa suna sa albarka. Shi kuwa sai tsiya ake masa, wai ga mai ba ciyawa ruwa safe da yamma. Har matarsa ta fara kallonsa a kaikaice. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma bai fasa ɗaukar tulu ba.

Da ruwa ya janye aka tuge aka kai fadama. Kankanar na farko tun a hanya ta fara laushi, rana na ɗagawa ta kwanta, ba ta ƙara tashi ba. Kuɓewa ta bi sahu. Karas ɗin da ya rayu, saiwarsa ta riga ta karye wajen tugewa, ya fito a murɗe mai ƙafa uku-uku, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Mutumin nan bai yi lalaci ba, ya yi ban-ruwa fiye da kowa, amma dole ya koma ya faro daga ƙwaya alhali sanyi ya wuce, zafi ya kama shukar tun tana ƙarama. Albasar na biyu kuwa da ta ji ƙasar fadama sai ta miƙe kamar da ma can aka haife ta. Lawashi ya yi kauri, ƙasa ta riƙa tsagewa saboda girman kai. Ranar da ganye ya kwanta aka haƙe, kowace ɗaya ta cika tafin hannun ƙato. Jakuna suka wuni suna jigila, warin albasa ya cika ƙauyen, matar nan da ke kallonsa a kaikaice ita ta fara rangaɗa guɗa a ƙofar gida. Mai fadama ya zo ya gani da idonsa, ya bar masa filinsa, ya ƙara masa da na maƙwabcin.

To, Zinatu, kwalejin nan fangalin bayan gida ne, ba nan za ki yi girbi ba. Kwas ɗin da ya yi kore shar a takardar sakamako, in jami'a ba ta karɓarsa, ranar dashe za ki ji an ce koma aji ɗaya, ko a ce babu gurbi. Gobe ki sa mayafinki ki je sashen da kike so ɗin a jami'a, ki yi sallama, ki tambaye su abin da suke karɓa, sannan ki dawo ki zaɓa, ko da kimiyyar sinadarai ce mai sa ƙawayenki gumi. Ina so in rayu in ji guɗar ranar da za ki sa farar riga. Ƙetare kogin tun yanzu, Hausawa sun riga sun gama magana: matambayi ba ya ɓata.