Maɗinkin da Aka Toshe wa Ƙofa

An yi wani maɗinki mai aikin wuyan riga. Sunan garinsu ya kwanta mini, ko Gumel ne ko Kazaure, bar shi dai. Da idonsa ya fara rauni sai ya ajiye allura, ya sayi injin surfani ɗan gwanjo da kwamfutar nan da ake ɗorawa a cinya. Kwamfutar ɗaki biyu gare ta, tsohon tsari da sabo, in ya kunna ta sai ta tambaye shi wanne zai shiga. A sabon ɗaki yake gaisawa da mutane, yana karɓar hotunan ɗinkin da suke so. Sana'a kuwa tana tsohon, don injin ba ya jin maganar kowa sai ta tsohon tsari. A can ne kuma ya adana zanen aska takwas irin na mahaifinsa, zanen da shi maɗinkin ya yi damina guda yana koya wa na'ura. Masu ƙera tsarin sun sha aiko da sanarwa cewa sun daina kula da tsohon. Yakan karanta, ya ce abin da mutum ya saya ai nasa ne, ya ci gaba da aikinsa.

Ana cikin azumi, shaddodin Sallah sun cika shago, sai sabon tsarin ya nemi izinin sabunta kansa. Ga gajiya, ga ƙishirwa, maɗinki ya danna ya amince, kamar yadda mutum kan ce "to" don a ƙyale shi. Da kwamfutar ta sake tashi ba ta tambaye shi komai ba, ta zarce da shi sabon ɗaki. Ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, har la'asar. Ya ɗauka ya kai wa mai gyara a bakin kasuwa. Mai gyara ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Baba, ɗakin bai rushe ba, ƙofar aka toshe. Na gwada ta ƙi. Su kuma masu mabuɗin sun ce ba ruwansu da tsohon gini." Maɗinki ya dawo shago, ya zaro tsohuwar allurarsa daga jikin hula, ya nufi kafarta da zare, zare ya bi gefe. Ya lasa, ya sake, ya bi gefe. Washegari ya ninke shaddodin mutane, ya bi su gida gida yana mayarwa yana ba da haƙuri, babu ko zare ɗaya a wuyan kowace riga. Injin yana nan lafiyarsa lau, an lulluɓe shi da buhu.

Gumel na ce ko? Wataƙila ba can ba ne. Amma abin da magabata suka faɗa bai ɓace mini ba: zanen aro ba ya rufe katara.